Makarantar da ta mutu babu takardar rufewa: nazarin lamarin wani ƙauye a kudancin Maraɗi

Ƙauyen da makarantarsa kafin 2021

Ƙauyen yana kudancin jihar Maraɗi, a ɓangaren da ke kallon iyakar Najeriya, tafiyar kusan rabin awa a kan kabu-kabu daga kwalta idan rairayi bai yi yawa ba. Ba zan ambaci sunansa ba, ko na ƙaramar hukumar da yake ciki, don waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wasu ma suna kan kujerunsu. Mutanen manoma ne: gero, dawa, wake da gyaɗa. Da an gama kaka samari su kama hanyar ci-rani, wasu Katsina da Kano, wasu Agadas.

Makarantar firamare ce irin ta ko'ina a Nijar, lakwal kamar yadda ake kiranta, mai matakai shida, daga ƙasa zuwa sama: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Azuzuwan siminti biyu kawai take da su. Sauran duk rumfunan kara ne. A farkon shekarar karatu ta 2021 malamai huɗu ne: darakta, wanda cikakken ma'aikacin gwamnati ne, da 'yan kwantiragi uku, ɗaya mace. Rajistar darakta ta nuna yara ɗari biyu da 'yan kai.

Sai an san wa ke biyan me kafin a gane abin da ya biyo baya. Albashin malami da ɗan kuɗin da ake ba ɗan kwantiragi daga baitulmalin ƙasa suke fitowa, kuma jinkirin kuɗin 'yan kwantiragi tsohon kuka ne da ya sha jawo yajin aiki. Gina azuzuwa da gyaransu kuwa, tun 2016 aka miƙa su ga ƙananan hukumomi, tare da wasu ayyukan lafiya, ruwa da muhalli. An miƙa aikin, amma ma'aikatar magajin garin karkara da me take rayuwa? Harajin kai da ba ya shigowa duka, da kuɗin tikitin kasuwa, da ɗan tallafin da ke zuwa daga Yamai idan ya zo. Saura kuma ya faɗa kan iyaye, ta hannun kwamitin kula da makaranta da kowa ke kira kojes.

Babban aikin kojes kowace shekara shi ne rumfa. Ana komawa makaranta a farkon Oktoba, amma karan gero ba ya samuwa sai an yanke hatsi an ɗaure. Don haka yaran rumfa kan zauna gida har wajen Nuwamba, sa'annan ruwan farko ko iskar bazara ta tashe su tun Mayu. Wanda bai taɓa shiga irin wannan aji ba, ga yadda yake: dirkoki na itace, zana a kewaye, kara a sama, allo jingine da dirka, yara zaune kan tsofaffin buhuna. Rana na ratsowa tsaga-tsaga a kan littafi. Ƙofa ɗaya ce, kuma sai babba ya sunkuya.

Nuwamba 2021: gobarar cikin gari ta iso ƙauye

Ranar Litinin 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta tashi a azuzuwan kara na wata makarantar firamare a cikin garin Maraɗi. Yara aƙalla 25 suka rasu, 'yan shekara biyar zuwa shida. Watanni bakwai kafin nan, a Afrilu, irin wannan gobara ta kashe yara 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Aka yi zaman makoki na kwana uku a jihar, gwamnati ta hana amfani da rumfar kara ga 'yan rainon yara a duk faɗin ƙasa. A lokacin ana ƙiyasta azuzuwan kara na Nijar da kusan 36,000, kuma shugaba Mohamed Bazoum ya yi alkawarin maye gurbinsu da gini.

Labarin ya iso ƙauyen ta rediyo da wayoyin hannu tun kafin magariba. Washegari ajin CI, wanda bai fi mako biyu da samun rumfarsa ba, ya wayi gari kusan babu kowa. Wata uwa ta zo har bakin zana ta ce wa daraktan, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin lakwal: “Mushe, ka yi haƙuri. Jahilci ba ya ƙona yaro.”

Daraktan ya yi abin da ke hannunsa. Ya kwashe manyan yara daga azuzuwan siminti ya kai su rumfa, ya shigar da ƙananan ciki, ya sa aka buɗe wa kowace rumfa ƙofa ta biyu, aka hana masu tuya hura wuta kusa. Cikin mako uku yawancin yaran suka komo. Wajen ashirin ba su komo ba. A wani zama da aka yi da wakilin magajin gari, an yi alkawarin sa aji ɗaya na siminti a kasafin kuɗi mai zuwa.

2022 zuwa Satumba 2023: ginin da ya tsaya a taga

An cika rabin alkawari. Ajin ya shiga kasafin ƙaramar hukuma, ɗan kwangila ya zo da rani a 2023, ya haƙa tushe, ya jera bulo har daidai taga, ya tafi jiran kashi na biyu na kuɗinsa. A cikin wannan shekarar karatu kuma malamar ta samu canjin wuri zuwa cikin gari inda mijinta yake. Ba a turo madadinta ba. Malamai suka koma uku.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, masu ba da tallafi da yawa daga waje suka dakata. A Oktoba gwamnati ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin ɗari, daga sefa biliyan 3,291 zuwa biliyan 1,981. Ga Maraɗi, wadda kasuwancinta ke shaƙar iska ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, rufe iyaka ya taɓa kowane aljihu. Kasuwar mako ta ƙaramar hukumar ta yi sanyi, tikiti ya ragu, kuɗin ɗan kwangila bai fito ba. Bai sake dawowa ba.

Oktoba 2023 zuwa Janairu 2024: yadda aka “haɗe” ta

Da aka koma hutu ɗaya daga cikin 'yan kwantiragin bai dawo ba. An ce ya kama sana'a a wani wuri. Saura biyu, ga matakai shida. Daraktan ya yanke shawarar da ta yi kama da hankali a ranar: ba za a ɗauki sabon CI ba a wannan shekara, don a samu a kula da waɗanda ke ciki. Kojes bai kafa rumfa ko ɗaya ba, tunda babu mai shiga ya koyar. Iyaye suka ga yara na zuwa su zauna malami na wani aji, sai suka fara janye su zuwa kiwo da talla. Kafin hutun Disamba masu zuwa kullum ba su kai casa'in ba.

Sufeton firamare na yankin yana da nasa lissafi, kuma ba na ganin mugunta a cikinsa. Malamai sun yi masa kaɗan, kuma a garin kasuwa mai nisan kilomita 4 akwai makarantar da aji ɗaya ke ɗauke da yara fiye da duk waɗanda suka rage a ƙauyen. A Janairu 2024 ya mayar da malaman biyu can, ya ce yaran su bi su. Babu wata takarda da ta ce an rufe makaranta. Kalmar da aka yi amfani da ita ita ce an haɗe, na ɗan lokaci. Aka bar makulli a hannun maigari. Kafin wata ya cika, ajin siminti ɗaya ya zama ma'ajiyar harawa.

Gwaji na farko, Janairu zuwa Maris 2024: tafiyar ƙafa

Kilomita 4 ba komai ba ne ga babba. Ga yaro ɗan shekara takwas, a cikin hunturu, da silifa ɗaya a tsinke, tafiyar awa guda ce da ɗoriya cikin rairayi. A makarantar garin kasuwa ana tashi da rana a komo da yamma. 'Yan garin su shiga gida su ci tuwo, 'yan ƙauye su zauna gindin bedi da cikinsu. Benci kuwa an riga an cinye shi, baƙi ƙasa suka samu, can baya.

Ga kuma tsoro. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi, kuma satar shanu da ta mutane don kuɗin fansa ta biyo su cikin gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji. Babu wanda ya taɓa yaran wannan ƙauye a hanya. Amma wani dare a Fabrairu aka kore shanu a wata ruga da ke kusa, hanyar makarantar kuma tana bi ta wani kwazazzabo da ba a hango shi daga gari. Washegari iyaye suka tsare 'yan mata. Da azumi ya kama a Maris, masu tafiya ba su kai talatin ba, mata uku ne a cikinsu.

Gwaji na biyu, Afrilu zuwa Mayu 2024: karo-karon kuɗi

Bayan ƙaramar salla kojes ya kira taro. Aka amince kowane yaro a biya masa dala ɗari a wata, wato sefa 500, a ɗauki wani saurayin ƙauyen da ya kai ƙarshen kwaleji ya riƙe ƙananan yara. Aka share harawa, aka fara.

Mako bakwai abin ya yi. An sa kuɗin ne a tsakiyar bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, magidanci na auna tiya a kasuwa yana kuma neman iri. Mai yara huɗu jika biyu ke kansa kowane wata. Watan farko rabin mutane suka biya, na biyu ba a kai haka ba. Ma'ajin kwamitin, dattijo ne da ban taɓa jin an kama shi da cin amana ba, a aljihun rigarsa yake ajiye kuɗin, lissafin kuma a kansa. Da saurayin ya yi ƙorafin ba a cika masa ba, sai magana ta zaga majalisu cewa an ci. Dattijon ya yi fushi ya ajiye aikin, saurayin ya tafi gona.

Gwaji na uku, Afrilu zuwa Agusta 2024: zarya a ofis

A gefe guda maigari da mutum uku suna ta zuwa ma'aikatar magajin gari kan ginin da ya tsaya. An ɗage takunkumi tun ƙarshen Fabrairu, an buɗe iyaka a Maris, suna ganin ko kuɗi zai motsa. Sai a farkon Afrilu gwamnati ta rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a duk ƙasa, ta naɗa kantomomi. Wanda ya yi musu alkawari ya tafi. Sabon ya karɓe su da mutunci, ya ce a rubuto. Suka rubuto. Ya nuna musu tarin irin takardarsu daga wasu ƙauyuka, ya ce asusu ba ya da abin da zai ɗauki gini a bana. Sau biyar suka je, kowane zuwa da kuɗin mai.

Damina ta zo da ƙarfi. A ƙarshen Agusta ruwa kamar da bakin ƙwarya ya rushe gidaje a cikin Maraɗi, aka yi asarar rayuka. A ƙauyen iska ta ɗaye kwanon ɗaya daga cikin azuzuwan siminti ta jefar bayan gari. Saboda ambaliya da masu fakewa a makarantu, gwamnati ta ɗage komawa karatu daga 2 zuwa 28 ga Oktoba.

Satumba zuwa Nuwamba 2024: abin da ya kama

Wadda ta ɗauko zaren ita ce shugabar ƙungiyar iyaye mata, tsohuwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli, wadda ba ta taɓa zama a aji ba. Ta je garin kasuwa ta sami tsohon daraktan ta tambaye shi abu ɗaya: me sufeto ke dubawa kafin ya ba gari malami? Ya ce, “Inna, yawan yara yake dubawa, a rubuce.”

Ta ɗauki jikarta da ta kai CM1 kafin a tsare ta, da littafi da biro, suka bi gida gida kwana tara. Kowane yaro daga shekara shida zuwa goma sha biyu an rubuta sunansa da na mahaifinsa, maigida ya dangwala yatsa a gefe, alamar ya yarda zai turo shi. Inda maigida ya tafi ci-rani uwa ta dangwala. Wasu sun ƙi, ta wuce, ta dawo washegari da goro. Suna ya haura ɗari da saba'in, kusan rabinsu waɗanda ba su taɓa shiga CI ba.

Da wannan littafi maigari ya je wa sufeto. Ba su roƙi gini ba, ba su tada maganar ɗan kwangila ba. Sufeton ya juya shafukan ya ce zai iya mayar da malaman nan biyu, amma shi ya gaji da tura malami ƙauye ya gudo bayan wata uku. Maigari ya ce, “Ranka ya daɗe, ɗakin kwanansa da abincinsa mu ne.”

Ɗagin da aka yi na komawa makaranta ya faɗo musu daidai. Hatsi ya riga ya shigo. Aka yanke cewa kowane gida, mai yaro a makaranta da marar shi, zai kawo damin gero ɗaya, ba kuɗi ba. Aka ware rumbu kusa da masallaci, aka sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin liman, ɗaya wurin tsohuwar. Duk Juma'ar farkon wata, bayan an sallame, jikar nan ko wani yaro ya tsaya ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, har sunayen waɗanda ba su kawo ba. Wannan karatun suna ya tara dammunan gero fiye da duk wani wa'azi.

An sussuke kashi ɗaya an sayar nan take, aka sayi kwano da ƙusa aka mayar da rufin da iska ta ɗauke. Samarin da ba su riga sun tafi ba suka yi gayya, suka buga tubali suka gina ɗaki biyu na ƙasa a bayan makaranta. Sauran geron aka bar shi a rumbu, ana auna wa malaman tiya kowane wata, ana jiran bazara lokacin da farashi ke tashi kafin a sayar da rarar don alli da littattafai.

Tsarin karatun ma an sake shi. Malami ɗaya ya riƙe CI shi kaɗai a ajin siminti, yara sama da tamanin, na shekara biyu a haɗe. Babu CP, tunda ba a ɗauki kowa ba a 2023. Daraktan ya haɗa CE1 da CE2 a ɗaya ajin, yana ba waɗannan aiki a allo yana karantar da waɗancan. Manyan yara na CM1 da CM2 aka bar su a garin kasuwa, amma yanzu tare suke tashi, da gorar fura kowa, kuma iyaye maza na karɓa-karɓa wajen raka su har su wuce kwazazzabon. Ranar 28 ga Oktoba aka buɗe ƙofa, ba tare da an kafa rumfa ko ɗaya ba.

Yuni 2025: inda aka kwana

Malaman biyu sun kai ƙarshen shekara a ƙauyen. Karo na farko ke nan da duk yaran makarantar suka fara karatu ranar da aka buɗe suka kuma kai Yuni, don babu jiran kara, babu gudun ruwa. Daga cikin 'yan CI waɗanda suka bari ba su kai goma ba. Rumbun ya kai har damina da ɗan saura.

Akwai abin da bai dawo ba. Cikin 'yan matan da aka tsare a Fabrairun 2024, manyan ba su koma ba. Wasu an ɗaura musu aure, wasu suna aikatau a Maraɗi. Jikar tsohuwar tana cikin 'yan kaɗan da suka koma, ta maimaita CM1. Yaran CE kuwa da yawa sun manta haɗa baƙi, daraktan ya kashe zangon farko kusan duka yana mayar da su baya.

Hukunci

A ganina kuskure mafi tsada shi ne wanda ya fi kama da hikima, wato tsallake ɗaukar CI a 2023. Ana raba malamai bisa yawan yara, yawan yara kuma daga ajin ƙasa yake shigowa. Ranar da aka rufe wannan ƙofa aka ba ofis hujjar kwashe malaman da suka rage, kuma ramin da aka bari zai yi ta tafiya aji aji har ya fita ta CM2.

Haɗe makarantu bai faɗi don kansa ba, tunda daga baya ya yi aiki ga manyan yara. Ya faɗi ne saboda an ɗora tafiya ɗaya a kan ɗan shekara bakwai da ɗan sha uku, ba a tanadi abincin rana ba, ba a kuma tambayi uwayen 'yan mata komai ba. Karo-karon kuɗi da damin gero nauyi ɗaya ne a kan mutane ɗaya, kuma idan aka auna, damin ya fi tsada. Bambancin lokaci ne da ido. Ɗaya an nema lokacin da babu, aka ajiye inda ba a gani. Ɗaya an nema da kaka, aka karanta shi a bainar jama'a. Zaryar ofis kuwa ta ɓata wata biyar ne don an je neman abin da ofishin ba ya da shi, alhali littafin sunaye ya je wa sufeto da abin da zai iya kare kansa da shi a gaban manyansa.

Ba na so a karanta wannan a ce ashe talakawa na iya riƙe makaranta da kansu. Ba su iya ba. Albashin malaman nan biyu gwamnati ke biya, kuma abin da ƙauyen ya ɗauka na rufi da ɗaki aikin ƙaramar hukuma ne a doka. Shekarar da fari ya zo ko tsutsa ta ci gero, babu damin da za a tara. An kuma yi sa'ar ɗagin Oktoba, da sa'ar tsohuwa mai taurin kai.

Lokacin da aka tashi hutu, lissafin da ke gaban daraktan shi ne 'yan CI tamanin za su zama CP, sabon CI na tafe, azuzuwa biyu ne, malamai biyu. Wasu a kojes sun fara maganar a tanadi kara tun kaka, iyaye mata sun ce ba da 'ya'yansu ba. Ginin ɗan kwangila yana nan daidai taga, ƙarafunan ginshiƙi sun yi tsatsa, awakin maigari ne ke kwana a ciki.